Shekarar da Na Ƙona Tsawon Ƙanena

Abin da zan faɗa muku ya faru ne a shekarar da ƙudan zuma suka shiga ƙararrawar majami'armu. Da tsakar rana suka zo, kamar hayaƙi, suka ratsa ta saman layin dogo, suka shige cikinta suka zauna. Dattawa suka ce a bar su har su tashi da kansu, don haka wata da watanni ba a buga ƙararrawa a unguwarmu ba, ko ta sujada ko ta mutuwa. Soja ke mulki a lokacin. Ladi, ke kina cikin ciki; ku ƙannenta biyu kuwa ba a ma yi tunaninku ba. Na san kun ji mutanen Kafanchan suna kirana Mai Ƙona Kara, na kuma san kun ji abin da suke nufi, wato tsoro ya kama ubanku ya ƙona amanar mata don a sake shi. Na daɗe ina haƙuri da wannan suna. Yanzu da na shekara uku ina zuwa ajin manya, hannuna ya fara bin biro yadda yake bin zarto, bari in rubuta yadda abin yake.

Ni kafinta ne tun ina saurayi. Shagona yana bayan tashar jirgin ƙasa, ina yin benci da ƙofa, amma abin da aka fi sanina da shi akwatin gawa ne. A wancan zamani ba a zuwa da tef. In an yi mutuwa, sai wani daga gidan ya yanko karan dawa, ya ɗora shi a gefen mamacin, ya yanke daidai tsawonsa, ya kawo mini. Da karan nan nake yanka katako, da shi kuma masu haƙa kabari suke awo. In an gama, a jefa shi cikin ramin. Wani lokaci karare biyu ko uku sukan haɗu a rana ɗaya, ni kuwa ban iya rubuta suna ba. Sai in sa wuƙa in yi wa kowanne alama a gindi, alamar wanda ya kawo shi: mai sayar da gishiri in zana mudu, tela in zana allura. Ban taɓa rikita gawa da gawa ba.

Ana yaƙi a ƙasashen bakin teku a shekarun nan, can Laberiya da Saliyo, an kwashi sojojinmu an kai. Ƙasarmu ta kudancin Kaduna kuwa kun san ta, gidan da ba soja kaɗan ne. Ƙanena Iliya yana cikinsu. Dogo ne, ya fi ni da kusan taƙi biyu, ga dariya kamar ana jan bokiti a rijiya. Da farko wasiƙu suna zuwa, a kai wa ticha ya karanta. Daga baya suka daina. Sai wata mota ta riƙa zuwa unguwa, a sauke jaka, a miƙa takarda, a ce wa mutanen gida su yi haƙuri kuma kada su tara jama'a. Gawa ba ta zuwa. Rediyo kuma bai taɓa cewa an mutu ba.

Wadda ta fara zuwa wurina ita ce Mama Nkechi, 'yar ƙabilar Ibo, matar wani direban jirgi da ya rasu, tana sayar da busasshen kifi a kasuwa. A Kafanchan ta haifi 'ya'yanta duka. Ta shigo da kara a hannu, ta jingina shi a bencina.

"Kafinta, ka ajiye mani wannan. Yaro na ne."

"Sannu, Mama. Yaushe za a sa shi? In fara yanka katako?"

"Ka yanka ka sa wa a ciki? Gawa yana ƙasar mutane. Sun kawo mani jaka da takalmi biyu, duka na ƙafan hagu. Ka ajiye kawai. Ranan da sun kawo shi, ba na so ka ce ba ka san tsawon shi ba."

Na tambaye ta yadda ta auna wanda ba ya nan. Ta ce ta shimfiɗa wandonsa da rigarsa a ƙasa, ta ƙara tafin hannu ɗaya da rabi na wuya da kai. Na zana kifi a gindin karan, na sa shi a kan katakon rufin shago.

Ban san yadda maganar ta yaɗu ba. Mata suna da hanyarsu, daga bakin famfo zuwa taron zumunta. Kafin damina ta tsaya sun fara zuwa ɗaya ɗaya, wasu daga cikin gari, wasu a bayan a-kori-kura, suna riƙe da kara a tsaye kamar kyandir don kada ya karye. Wata daga wajen Nok, mai noman citta, ta ce ta auna ne da gadon da ƙafafun ɗanta suke leƙowa. Wata mai dafa burkutu daga Samaru Kataf ta ce ita ta kwanta a ƙasa da kanta, aka auna ta, ta ƙara abin da ya fi ta ranar da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bikin Kirsimeti. Wata Bahausa ma ta zo, duk da su ba sa binnewa da akwati, ta ce ita dai tana son a ajiye nata tare da na abokansa. Na zana citta, na zana tulu, na zana carbi. Mahaifiyarku Rahila takan kawo mini abincin rana, ta ɗaga kai ta kalli rufin.

"Yohanna, wannan shago ne ko rumbu? Saura ka kawo akuya."

Tana faɗa tana dariya, amma ba ta ƙara zama a ƙarƙashinsu ba. Ni kuwa na saba da su. In iska ta shigo ta ƙasan kwano sukan goga juna, su yi wata ƙara ƙasa ƙasa kamar samari na hira a bayan ɗaki ba sa so a ji. Ina goge katako ina saurare. Wani lokaci har in ji kamar na gane muryar wani.

Na goma sha tara kakarku ce ta kawo, bayan motar nan ta sauke jakar Iliya a ƙofar gidanmu. Muna zaune a kwatas ɗin reluwe a lokacin, gidan da aka ba mahaifinmu tun yana aiki. Ƙofar ɗakin Mama gajera ce, Iliya kuwa tun yana makaranta yake buga goshi a samanta, har katakon ya yi santsi a wurin. Rannan ya gaji, ya miƙe a jikin bango, ya ce in ja masa layi da ƙusa a saman kansa don ranar da zai gina wa Mama gida ya san tsawon ƙofa. Da layin nan ta auna. Ta shigo shagon ba kuka, ta miƙa mini.

"Ga ƙanenka. Ka sa shi inda ruwa ba ya zuba."

Ban yi masa alama ba. Ya fi duk sauran tsawo, ko idona a rufe zan gane shi.

Ba ni na shirya tattakin ba, wannan ku riƙe. Wata ranar kasuwa da safe matan suka zo gaba ɗaya, kowace ta ce in ba ta nata. Suka lulluɓe fuska da baƙin ɗankwali, suka soka ganye a ƙugu, suka jera zuwa ofishin ƙaramar hukuma. Ba waƙa, ba allo mai rubutu, ba wadda ta buɗe baki. Da suka isa, kowace ta kafa karanta a ƙasa a tsaye, ta tsaya a gefensa. Na bi su daga nesa, na ga abin da ban manta ba: kowane kara ya fi matar da ke riƙe da shi tsawo, sai filin ya zama kamar samarin sun dawo sun tsaya kusa da iyayensu. Kasuwa ta watse ta zo kallo. Masu acaɓa suka kashe injin. Ma'aikatan reluwe, da suka yi watanni ba albashi, suka fito daga wurin gyaran jirgi suka cire hula. Kafin rana ta take matan suka juya, suka mayar mini da kararen, kowace ta tafi gida.

A satin da ya biyo baya gari ya canja. Aka hana taro, har zaman makoki sai da izini. Aka kira fastoci da limamai aka ja musu kunne. Rediyo ya cika da maganar masu neman juyin juya hali, masu son tunzura soja. Matan dai ba a san su ba, don fuskokinsu a rufe suke, amma kowa ya ga shagon da kararen suka koma. Da safiyar Talata, ina haɗa ƙafar benci, farar mota ta tsaya. Mutum uku ba kaki suka ɗaure kararen da igiyata, suka sa ni a baya tare da su.

Wani gida aka kai ni mai dogon bango, ba a cikin gari ba. Ba zan rubuta duk abin da aka yi mini ba. Kunnena na hagu da kuke yi wa ihu, a can na bar shi. Babbansu, wanda suke kira Oga, bai taɓa taɓa ni da hannunsa ba. Mutum ne mai fara'a da tabarau, Hausarsa kuwa na ji ta mutanen wajen Kajuru ce. Kullum da hantsi sai a kawo ni gabansa, kararen suna shimfiɗe a kan tebur, yana juya su da bakin biro.

"Kafinta, wa ya koya maka wannan rubutu?"

"Yallaɓai, ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

"To kifin nan fa? Tulun nan fa? Manyanmu a sama suna cewa ƙungiya ce. Suna cewa mata ba sa taruwa da kansu, wani ne ya tara su. Yau mata, gobe 'yan reluwe, jibi bariki. Ka san abin da ke faruwa in bariki ya tashi?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Kara ne kawai. Da shi nake auna katako."

"Ka ba ni sunan mai kifi, ka tafi ka ga matarka. An ce ta kusa haihuwa."

Abin da nake faɗa ke nan kullum: kara ne kawai. Ba jarumtaka ba ce. Ni mutum ne mai jinkirin tunani, da na samu magana ɗaya sai na riƙe ta. Na kuma ga yadda ake yi da maza a gidan nan, na san Mama Nkechi da ciwon ƙafarta ba za ta kai kwana biyu ba, balle kakarku. In an mayar da ni ɗaki, sai in rufe ido in koma shago. In ga rana tana shigowa ta hujin kwano, garin katako yana yawo a cikinta. In bi kararen ɗaya bayan ɗaya, kifi, citta, tulu, carbi, fitila, ina kiran sunan kowace uwa da na ɗanta. Wani lokaci sai in ga sun tsiro a kan teburin Oga, sun yi ganye, sun fitar da kai, tsuntsaye suna sauka. Zazzaɓi ne, na sani, amma ya taimake ni.

A sati na shida Oga ya sa aka fito da ni tsakar gida. Masu gadi suna dafa wake a murhun duwatsu uku. Kararen suna jingine a bango. Ranar bai yi fara'a ba.

"Jibi ana zuwa daga sama a ɗauke ka, kai da kayanka. Su ba za su tambaye ka ba. Za su kai kararen nan kasuwar Kafanchan, su kama mai tura baro ɗaya, su nuna masa kifi. Kana jin zai daɗe bai gane ba?"

Gaskiya ya faɗa. Alamomin da nake ganin ni kaɗai na san su, duk yaron kasuwa zai karanta su cikin minti ɗaya. Masu sayar da busasshen kifi da ɗansu ke soja nawa ne a garin?

"Ka ce kara ne kawai," in ji shi. "To ga wuta, waken yaran nan bai nuna ba. In kara ne, sa shi. In ka ƙi, na san ba kara ba ne, sai in rubuta haka."

Har yau ban san ko taimakona ya yi ba, ko mugunta ce, ko kuwa shi ma kansa yake ceto. Na tsaya ina kallon wutar. Kowace mace da ta shigo shagona abu ɗaya ta ce: ka ajiye. Babu wadda ke da kabari, babu wadda ke da gawa, wasu ko hoto ba su da shi. Abin da ya rage musu na 'ya'yansu shi ne tsawon nan. Amma tsawon ne kuma zai kai motar nan ƙofar gidajensu. Na ɗauki mai kifi, na karya shi a gwiwa, na tura. Kara ba ya daɗewa a wuta, ƙara ɗaya yake yi ya zama toka. Na bi su ɗaya ɗaya, ina sa gindin mai alama farko. Masu gadi suna dariya, wani yana cewa yau wake zai nuna da wuri. Da ya rage guda ɗaya, Oga ya ɗauke shi ya duba sama da ƙasa.

"Wannan ba alama. Na wane ne?"

Da na ce na ƙanena ne, wataƙila ya bar mini. Wataƙila kuma ya tambayi wadda ta kawo shi. Ba ni da lokacin auna wannan da wancan.

"Ba na kowa ba ne, yallaɓai."

Sai da na karya shi sau uku kafin ya shiga murhun.

Kwana biyu bayan haka suka ajiye ni a bakin hanya. Na shigo gari da ƙafa, da hantsin Lahadi, sai na ji ƙararrawa. Zuman sun tashi. Da kunne ɗaya na ji ta, kamar daga wani gari ake bugawa. Na nufi kwatas, na tarar da wasu mutane a gidanmu. An kori Mama tun satin da aka kama ni, an ce gidan ma'aikata ne, mai shi kuma ya daɗe da mutuwa. Sababbin sun yi wa bango sabon siminti da fenti shuɗi. Na shafa wurin da layin ƙusa yake, ban ji komai ba.

A gidan kawun Rahila na same su. Ladi, kina da sati biyu, an riga an raɗa miki suna ba ni. Mama tana zaune a kan turmi. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta taɓa kunnena, sannan ta ce:

"Ina ƙanenka?"

"Na ƙona shi, Mama. Da shi da sauran."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ba ta zage ni ba. Ta ce wa Rahila ta ba ni ruwa. Na so in yi mata bayani, ta ɗaga hannu. Bayan kwanaki na je kasuwa wurin Mama Nkechi, na durƙusa a gaban tirenta, na faɗa mata komai, har da maganar mai tura baro.

"Na ji, Kafinta," in ji ta. "Ba su zo gida na ba, na sani. Amma ni na ce maka ka ajiye ni? Yaro na ce ka ajiye."

Ta ƙunsa mini kifi biyu ta ce in kai wa mai jego. Wandon da ta yi awo da shi ta riga ta ba da shi ga mabukata, tun ranar da ta san tsawon yana wurina.

Masu gadin nan ne suka baza labarin a mashaya, cewa kafinta ya ƙona kayan da kansa yana rawar jiki. Ban musa ba. In na ce na ƙona ne don in ɓoye sunaye, na yarda ke nan akwai sunaye, kuma soja suna nan a kan mulki. Da mulkin ya wuce, sunan ya riga ya zauna, mutane kuma suka daina kawo mini gawarsu. Na koma yin benci da allon makaranta.

Kakarku ta rayu shekara huɗu bayan haka. Kowace kaka, in an girbe dawa, sai ta zaɓo kara mai tsawo, ta sa ni in tsaya a jikin bango. Ta ɗora shi a gefena, ta ɗaga hannu sama da kaina, ta rufe ido tana neman wurin. Sai ta yanke, ta ja baya ta duba.

"A'a. Ya fi haka."

Ta sake yanko wani. Wannan kuma ta ce ya yi yawa, Iliya ba rimi ba ne. Haka za mu wuni, ni a tsaye, ita tana yanka, har tsakar gida ta cika da guntaye. Ban taɓa cewa na gaji ba. Ranar da ta rasu ni na auna ta, ni na yi akwatin.

Malamarmu ta ajin manya ta tambaye mu ranar farko abin da ya kawo kowa. Wani ya ce Littafi Mai Tsarki yake so ya karanta da kansa, wata ta ce saƙon waya. Ni na ce akwai sunaye da nake so in ajiye inda ba na kara ba. Na yi zaton suna nan a kaina yadda na bar su, tunda kullum nake bin su a wancan ɗaki. Da hannuna ya iya, na zauna da sabon littafi, na ja layi goma sha tara. Sai na tarar wasu sun tafi. Ina ganin fitila, ina ganin tsintsiya, ina ganin fuskar matar da ɗankwalinta, amma sunan ɗan ba ya zuwa. Na je Nok, na je Samaru Kataf, na tambaya. Iyayen sun mutu, gidajen sun watse.

Ga lissafin, don kada wani ya ƙara muku ko ya rage. Ba a kama mace ko ɗaya ba. Ba a kawo gawa ko ɗaya ba. Na rasa kunne ɗaya, da gidan da aka haife ni, da ranar sunan Ladi, da sunana a gari. Karare goma sha tara na ƙona. Sunaye goma sha uku na rubuta, suna shafin ƙarshe na littafin nan. Layi shida babu komai, ku bar su haka. Sunan Iliya yana nan, shi ne na farko. Tsawonsa ne babu wanda ya sani.